Daƙuwar Kaka

Kakata ta wajen uba ita ce matata ta farko, kuma har yau ban yi ta biyu ba. Tun ina rarrafe take ce min maigida, ni kuma da bakina ya buɗe na fara ce mata amarya. Wasan jika da kaka ne, kowane gida ana yi, amma namu ya fi na kowa zafi, don ita bakinta ba shi da birki, ni kuma a wajenta na gada. In na dawo da yamma sai na tsaya a bakin ƙofarta na ce, "Amarya, ina tuwona?"

Ta ce, "Tuwon ubanka. Miji ba cefane, sai dogon wuya kamar zakaran da aka fige."

Na ce, "To sakin ki zan yi."

"Sake ni mana, ka ga layin manema daga nan har gadar Kawo."

Haka muke kullum. Ummata tun tana hana ni har ta gaji ta bari.

Ni a bakin tashar Kawo nake, ina manna wa wayoyi gilashi, ina sayar da caja da abin saurare na kunne. Makaranta kuwa a aji uku na sakandare muka rabu, lafiya lau, ba wanda ya nemi wani. Kaka ma a bakin wannan tashar ta ƙare ƙuruciyarta, tana suyar ƙosai da waina a murhun itace. Tun kafin a haifi babana take durƙusawa tana hura wuta, hayaƙi na shiga mata ido da hanci, tana share hawaye da gefen zani tana zagin direbobi masu zaɓar manyan ƙosai. Har yau akwai tsofaffin direbobi da in suka gan ni sai sun tambaye ta.

Da tari abin ya fara. Ta ce sanyi ne. Aka sha citta, aka sha zuma da lemun tsami, tari yana nan. Sai numfashi ya fara yi mata gardama. Daga ɗakinta zuwa banɗaki tafiya ce da ko kaza ba za ta kira ta tafiya ba, amma sai ta tsaya a tsakar gida ta kama igiyar shanya, kafaɗunta na hawa suna sauka. In ta zauna sai ta sunkuyo gaba, ta dafa gwiwoyi, ta tsuke leɓe tana fitar da iska a hankali kamar mai hura koko mai zafi. Salla ta koma ta zaune. Fatiha ma sai ta yanka ta gunduwa-gunduwa, ta ja aya ta huta, ta ja aya ta huta. Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne idonta in abin ya taso. Ba kuka take ba, zaro su take tana kallonka kamar kai ne ka riƙe iskar ka hana ta.

A asibiti likita ya faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo ne, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne, ya ce hayaƙin itacen nan na shekara da shekaru ya ƙona mata hanyoyin iska, sun tsuke sun saki. Iska tana shiga da ƙyar, tsohuwar kuma ba ta fita duka. Ya ce huhun ba zai koma yadda yake ba, sai dai a lallaɓa. Matar da ko warin sigari ba ta so, wai ga ta da ciwon 'yan sigari. Suka ba ta abin shaƙa da ƙwayoyi. Da tafiya ta yi tafiya suka ce sai an haɗa mata da injin iska a gida.

Babana direban doguwar tafiya ne, ba ya zama, don haka ƙaninsa, Baffa, shi ya kawo injin. Girmansa kamar ƙaramin firji, yana gurnani a hankali, siririyar roba ta fito daga jikinsa ta zagayo kunnuwan Kaka ta shiga hancinta. Ya haɗo da 'yar tukunyar iska ta ƙarfe saboda ɗauke wuta. A gaban injin akwai wani ɗan gilashi a tsaye mai lambobi, da ɗan ƙwallo a ciki yana rawa, da abin murɗawa a sama. Ka murɗa, ƙwallo ya hau, iska ta ƙaru.

Maƙwabciyarmu ce ta saita shi, Maman 'yan biyu. Nas ce, 'yar kudancin Kaduna, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun tana amarya take cin wainar Kaka. Ta duba abin da likita ya ce, ta murɗa har ƙwallon ya tsaya can ƙasa-ƙasa, sannan ta ciro jan farce daga jakarta ta ɗiga a jikin gilashin daidai wurin.

Ta ce, "Ku ji ni da kyau. Ƙwallon nan kar ya wuce jan nan. Huhun Mama ba irin naku ba ne. In iskar ta yi mata yawa, mummunar iskar da ya kamata ta fita sai ta taru a jininta ta bugar da ita. Za ku ga tana barci, ba barci ba ne."

Na ce, "Wato iskar ma da mudu ake auna ta, kamar garin kwaki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai ɗan nan, da gaske nake." Ta ƙara da cewa ba turaren wuta a ɗakin, ba maganin sauro na kunnawa, janareto kuma can bayan gida nesa da taga. Duk mun ji. Amma mu uku ne a wurin, ni da Umma da Baffa. Dangi kuwa suna da yawa.

Injin ya taimaka, ba zan yi ƙarya ba. Launin leɓenta ya dawo, tana ɗan cin abinci. Har na fara tsokanarta da cewa na auri amarya mai amfani da lantarki, in an ɗauke wuta aure ya tsaya. Ranar da na faɗi haka ta yi dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ta yi ta fama har jijiyoyin wuyanta suka fito, leɓenta ya yi baƙi, tana dukan katifa da hannu. Na tsaya kamar gunki. Da abin ya lafa Umma ta ja ni waje.

"Kashe ta za ka yi da wannan bakin naka? Daga yau ka daina. Ka gaishe ta kamar ɗan mutane ka wuce."

Na daina. Na koma durƙusawa a bakin ƙofa, "Ina wuni, Kaka? Ya jiki?" Ta bi ni da ido. Na yi haka kwana ɗaya, na yi kwana biyu, na yi ta yi. Wata yamma ina miƙewa ta yafito ni da hannu. Na matso. Ta tara numfashi, na ga yadda take tara shi, sannan ta ce, "Wa... ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa."

"To... ladabin... na mene ne?"

Na ce, "Umma ce ta ce kin tsufa, ba ki iya faɗa yanzu."

Ta ɗaga hannun dama a hankali, ta ware yatsu biyar ta watsa min su a fuska. Daƙuwa. Cikakkiya, irin wadda take yi wa kwandastoci a tasha. Wallahi sai da na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Daga nan muka samu hanya. Ni in yi tsiyata a taƙaice, ba mai sa dariya sosai ba, ita kuma ta rama da hannu, tunda daƙuwa ba ta cin numfashi. Da safe in zan fita, da yamma in na dawo. Barcinta ba ya nauyi, a jingine take yin sa da matasai a baya, don kwanciya sosai na toshe ta. Ko ido a rufe, in na ce, "Amarya, yau ma ba girki?" sai ka ga hannun ya taso daga kan zani ya buɗe, ya koma. Ba ta taɓa fashi ba.

Gwaggona, 'yar Kaka ta fari, a Rigasa take aure. Ita mace ce da Allah ya yi ta da ƙari. In ta zuba maka abinci ka ce ya isa, a nan take fara zubawa. In ka sa suga a shayi ta ƙara maka cokali, in ka lulluɓa da bargo ta ɗora maka wani. Wajenta duk abin da aka ba mutum kaɗan, raini ne. Kuma ba wanda ya kai ta son Kaka, wannan kowa ya sani.

Wata Asabar da hantsi suka zo dubiya, ita da matan gidansu, da kuloli niƙi-niƙi. Ina tasha lokacin, abin da ya faru daga baya na ji. Umma na kicin tana juye abinci. Kaka ta dawo daga banɗaki kenan, tana haki irin nata, ta dafa gwiwoyi ta tsuke baki. Mu mun saba, mun san in aka bar ta ta zauna shiru, aka buɗe taga aka juya mata fanka, zai lafa. Gwaggo ba ta saba ba. Ta ga uwarta na kokawa da numfashi, ta duba injin, ta ga lambobi sun hau har sama amma ƙwallo na zaune a ƙasa. Ta ce wannan wace irin rowa ce, ga wuta an kawo, ga inji, a riƙa ɗiga wa tsohuwa iska kamar maganin ido? Ta kama abin murɗawa ta kai shi ƙarshe.

Kaka ta yi ta lafawa a hankali. Bayan azahar kanta ya langaɓe kan matashi. Matan suka ce alhamdulillahi, suka koma yin hira ƙasa-ƙasa.

Na shigo bayan la'asar, na tarar da takalma jibge a ƙofar ɗakin. Na leƙa na gaishe su. Gwaggo ta ɗora yatsa a baki.

"Kai, mai bakin reza, yau dai ka rufe mana shi. Inna ta samu barci. Tun azahar ko tari ba ta yi ba."

Umma daga bayana ta ce, "Wallahi rabon da ta yi barci haka har na manta."

Na kalli Kaka. Gaskiya ta yi kyau a ido. Kafaɗun nan da kullum suke aiki sun kwanta, fuskarta har wani sheƙi take. Na ji daɗi ni ma. Na juya zan fita, amma ƙafata ta ƙi. Ba wani tunani na yi ba, sabo ne kawai, ban karɓi rabona na yamma ba. Na tsallake ƙafafun mata na durƙusa kusa da kunnenta.

"Amarya, baƙi cike da gida kina barci? Kin kunyata ni."

Gwaggo ta kai min duka a baya. "Ba ka ji abin da na ce ba?"

Ni hannun nake kallo. Yana kan zani, bai motsa ba.

Na ɗaga murya kaɗan. "Amarya. Na sake ki."

Shiru. Na kama hannun. Da ɗumi sosai, da laima, yatsun na ɗan zabura su kaɗai kamar ana ja musu zare. Na girgiza kafaɗarta. Ta buɗe ido rabi, ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta yi wata magana da ba ta da kai, ta mayar ta rufe.

Gwaggo ta ce, "Wai yaron nan lafiyarsa? Tsohuwa ta samu hutu ka zo kana jijjiga ta?"

Na ce, "Ba ta yi min daƙuwa ba."

Wata daga cikin matan ta kwashe da dariya. "Ji ɗan banza, zagi yake nema."

Sai a lokacin na waiga wajen injin. Gurnaninsa ma ya canza. Ɗigon jan farcen na can ƙasa shi kaɗai, ƙwallo ya haye can ƙololuwa yana rawa.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce," in ji Gwaggo. "Kun bar ta tana shan wahala. Ba ga shi ta samu sauƙi ba?"

Ban tsaya ba ta amsa ba, don in na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba na gaban manya ba ne. Na fita ba takalmi na buga ƙofar Maman 'yan biyu. Allah ya sa tana gida, tana tsefe wa 'yarta kai. Ta biyo ni da matsefin a hannu.

Tana shiga ta kalli Kaka, ta kalli gilashin. Ta murɗa ƙwallon ya dawo kan ja. Ta matsa wa Kaka ɗan abin awon iskar jini a yatsa, ta ɗaga mata fatar ido, ta kira ta da ƙarfi, "Mama! Mama!" Sannan ta ce a nemo mota, yanzu.

Gwaggo ta miƙe. "Baiwar Allah, kin rage mata kuma? Iska ce fa. Iska tana yi wa mutum yawa ne?"

"Tana yi wa Mama yawa, Hajiya. Ba laifinki ba ne, ba a gaya miki ba. Ku ba mu hanya."

Wani maƙwabci ya fito da motarsa. Muka haɗa mata 'yar tukunyar ƙarfen, muka ɗauko ta ni da shi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya tsorata ni. A hanya kanta na kan kafaɗata, ina ta zuba mata surutu a kunne, duk tsiyar da na sani. Na ce mata wainarta ba ta taɓa daɗi ba. Na ce direbobi don tausayi suke saya. Ina faɗa ina kallon hannun.

A asibiti suka ɗebi jininta, suka ɗaure mata wata babbar roba da ta rufe hanci da baki, da maɗauri ta bayan kai, haɗe da wani inji daban. Wannan ba ɗiga iska yake ba, tura ta yake da ƙarfi ya sassauta, ya tura ya sassauta. Likitan ya ce shi zai taimaka mata ta fitar da abin da ya taru. Ya ce mu yi addu'a, mu jira. Da aka tambaye shi ko za ta farka, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Gwaggo na zaune a kan benci a baranda, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Na ƙudura a raina ba zan kula ta ba. Sai na ji tana magana ita kaɗai, "Ni ƙara mata na yi. Wallahi ƙara mata na yi." Tana ta maimaitawa. Na je na zauna kusa da ita. Ta kama hannuna ta riƙe gam.

Washegari da hantsi aka bar ni na shiga. Kaka na jingine, robar nan ta matse mata fuska har ta yi mata shaida a kan hanci. Idonta biyu, amma ban san ko wa take kallo ba. Na tsaya a ƙarshen gado. Ni da ba a taɓa rufe min baki a tasha ba, sai da ƙyar na nemo magana.

"Amarya, wannan wace irin kwalliya ce? Kin koma kamar mai walda."

Ba abin da ya faru. Injin ya tura, ya sassauta. Ya tura, ya sassauta. Sai hannun ya motsa. Ya taso kaɗan, allurar ƙarin ruwa manne a bayansa, yana rawa. Yatsun suka buɗe, ba duka ba, ƙaramin ya maƙale. Ta riƙe shi a haka ta nuna ni da shi.

Na fita baranda da sauri kafin nas-nas su ga fuskata.

Ta dawo gida, amma ba duka ta dawo ba. Tsakar gidan da take tsayawa ta kama igiya, yanzu ba ta kai wa can. Magana ta koma ɗaya-ɗaya, wata rana ma babu. Baffa ya naɗe abin murɗawar da salatif, duk baƙon da ya shigo kuma sai Umma ta yi masa bayani tun daga ƙofa, wasu su ji haushi. Har yanzu akwai masu cewa a ƙara mata mana, ba ku ga tana haki ba? Kuma gaskiya tana haki. Ka zauna kana kallon mutum yana neman iska, ga iska a inji, hannunka kusa da abin murɗawa, ka haƙura. Wannan ban saba da shi ba har yau.

Gwaggo tana zuwa duk Asabar. Can nesa da injin take zama, ko kallonsa ba ta yi. Tana kawo kulolinta kamar da, amma Kaka loma kaɗan take ci, don in cikinta ya cika numfashi ya ƙara tsukewa. Sai Gwaggo ta zuba a ɗan ƙaramin kwano, hannunta ya tsaya a kan cokali, ta mayar da murfi.

Ni kuma ina nan da tsiyata, safe da yamma. Umma ta daina hana ni, har ita ke tambaya in na fito, "Ta yi?" In ce ta yi. Abokaina a tasha suna cewa na rage surutu, in la'asar ta yi na fara tattara kaya tun kasuwa na ci. Ba su san sauri nake in je a zage ni ba. Ina shiga layinmu nake fara shirya abin da zan ce mata, in na iso bakin ƙofar ɗakin sai in tsaya tukuna in saurari gurnanin injin, in leƙa ƙwallon, sannan in kalli hannun a kan zani, in buɗe baki.